Jagorar Baƙon Maharbi: Farautar Barewa a Gonakin Wata Jiha a Amurka

Duk shekara, da sanyin Oktoba ya fara kankama, sai 'yan'uwanmu mazauna New York da Maryland da New Jersey su soma bugo waya: "Malam, bana fa zan bi ku Ohio farautar barewa, wace bindiga zan saya?" Kullum da wannan tambayar ake farawa, alhali ita ce ta ƙarshe a jerin abin da ya kamata mutum ya sani. Masu dawowa hannu rabbana, ko su dawo da takardar tara a aljihu, ba bindiga ce ta ba su kunya ba. Wani ya tsallaka shingen da ba a ba shi izini ba, wani ya zauna inda iska ke kai warinsa hancin barewa, wani kuma ya harba lafiya amma ya ɗauko gawar sukutum ya ƙetara iyakar jiha da ita. Kurakuran ba sa sauyawa, shi ya sa na ga gara in rubuta su wuri guda.

Na ɗauki Ohio a matsayin misali domin tana sayar wa baƙo lasin kai tsaye ba tare da ƙuri'a ba, kuma tafiyar yini ce a mota daga gabashin ƙasar inda mutanenmu suka fi yawa. Inda dokar wata jiha ta saɓa da tata zan faɗa. Dabbar da ake magana a kai ita ce barewa mai farar wutsiya, wadda babban namijinta a ƙasar masara kan haura kilo 80.

Tun farko ka ajiye farautar gida a gefe. Gayyar mafarauta da karnuka, cinna wa daji wuta, ɗaura fitila a goshi a bi dare, duk waɗannan laifi ne a farautar barewa a Ohio. A nan kowane taku na ƙasar noma yana da mai shi, kowace barewa kuma hukuma ta san lissafinta.

Abin da za ka tanada

Takardu su ne kan gaba: shaidar kammala kwas ɗin tsaron farauta, lasin farauta na baƙo, takardar izinin barewa, rubutaccen izinin mai gona, da katin shaidarka. Sai makami da dokar jihar ta yarda da shi, da akwatinsa mai kwado. Sai riga mai ruwan lemo mai ɗaukar ido, da hula irinta. Tufafin sanyi hawa uku, kada na jikin fata ya zama na auduga domin yana riƙe gumi ya daskarar da kai. Takalmin roba mai tsawo. Wuƙa mai kaifi, safar hannu ta roba, igiya, tocila ta goshi don shiga da fita, tabarau mai hango nesa, kula babba da ƙanƙara. Idan a kan bishiya za ka yi dako, to ɗamarar tsaro mai kama kafaɗu da cinyoyi ta shiga jerin dole. A wayarka ka sauke manhajar taswira irin onX Hunt ko HuntStand, masu nuna iyakar kowace gona da sunan mai ita, kuma ka ajiye taswirar a cikin wayar tun a gida, domin sabis kan ɗauke a ƙauye.

1. Matsayinka a gaban doka

Wannan matakin ya fi shafar mu fiye da Ba'amurken da aka haifa a nan. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya riƙe bindiga idan ba su da wani laifin da ya hana su. Wanda ya shigo da bizar wucin gadi, ɗalibi ne ko ma'aikaci ko mai ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga da harsashi, sai dai ta yi togaciya ga wanda ke da lasin farauta mai aiki da wata jiha ta ba shi. Ke nan lasin za ka fara samu kafin hannunka ya taɓa bindiga, ko da a filin gwaji ne, ko da ta aboki ce. Wanda kuwa ba shi da takardun zama, babu wata ƙofa gare shi: harsashi ɗaya a aljihunsa babban laifi ne na tarayya. Idan takardunka suna tsaka-tsaki, kamar mai jiran hukuncin neman mafaka, ka ga lauya kafin komai. Kwari da baka ba su shiga wannan dokar ta bindiga ba, kuma Ohio ta yarda da baka mai kunama a lokacin farautar baka, wanda ke farawa ƙarshen Satumba ya kai farkon Fabrairu.

Kwas ɗin tsaro kuma jihohi suna karɓar shaidar juna, saboda haka ka yi shi a jiharka tun da bazara. Ohio na neman sa ga duk mai sayen lasin karo na farko. Iowa na neman sa ga wanda aka haifa bayan 1 ga Janairun 1972, Illinois kuma daga 1980. Akwai lasin ɗan koyo a Ohio da ke ba ka damar farauta ba tare da kwas ba, amma sai da rakiyar mai cikakken lasin ɗan shekara 21 zuwa sama.

2. Lasin, da jarabar adireshin ɗan'uwa

Kuɗin baƙo ya ninka na ɗan jiha, kuma a nan ne shaiɗan ke raɗa wa mutum cewa ai yana da ƙane a Columbus, me zai hana ya sa adireshinsa. Kada ka soma. Lasin tuƙinka da lambar motarka za su tona ka a minti ɗaya. Kuma kusan dukkan jihohin Amurka sun shiga yarjejeniyar da ta ce wanda aka dakatar a jiha ɗaya an dakatar da shi a sauran. Idan ka ƙetara iyaka da naman da aka samu ba bisa ƙa'ida ba, dokar Lacey ta 1900 ta mai da maganar ta tarayya.

Ba kowace jiha ce ke sayarwa kai tsaye ba. Iowa da Kansas, waɗanda suka yi suna da manyan ƙahoni, ƙuri'a suke yi wa baƙi: Kansas a Afrilu, Iowa daga Mayu zuwa farkon Yuni, kuma a yankunan Iowa masu farin jini mai baka kan shekara da shekaru yana tara maki kafin sunansa ya fito. Wanda ya tuna da Iowa a Oktoba ya makara. Ohio da Wisconsin da Missouri su ne na mai fara koyo.

Ka karanta littafin dokar shekarar da kake ciki daga farko har ƙarshe, wanda hukumar namun daji ta jihar ke fitarwa kyauta. Abin da aboki ya gaya maka dokar bara ce ko ta wata jiha. Zuba masara don jan barewa halal ne a gonar mutum a yawancin Ohio, amma laifi ne a Iowa da Illinois da Missouri. Adadin barewar da za ka iya harba a Ohio ya danganta da gundumar da kake, namiji mai ƙaho kuwa ɗaya tak ne a shekara ko ina ka je a jihar.

3. Neman izinin manomi

A nan farautar take ci ko ta faɗi. Filayen gwamnati a ƙasar noma kaɗan ne, kuma ranar buɗe farautar bindiga cika suke yi. Gonar mutum ita ce abin nema, kuma a Ohio izinin baki bai wadatar ba, sai rubutacce, kana ɗauke da shi a jikinka, ko an kafa allon gargaɗi ko ba a kafa ba. A Kansas da Missouri da Illinois, fentin shunayya a jikin bishiya ko turken shinge daidai yake da allon "ba a shiga".

Lokacin neman izini shi ne bazara zuwa Agusta. A Oktoba da Nuwamba manomi yana kan injin girbi tun asuba har dare yana tsere da ruwan sama, ba shi da lokacinka. Ka je da rana tsaka, cikin kayan gida masu tsabta, ba kakin farauta ba, bindiga kuma ka bar ta a gida. Ka ajiye mota inda za a gan ta daga taga, ka ƙwanƙwasa, ka ja baya taku biyu. Ba sai na ɓoye maka ba: baƙar fata baƙo a ƙofar gidan gona, a ƙauyen da kowa ya san motar kowa, zai sha kallo. Shi ya sa zuwa da dare ko zagayawa bayan gida ba naka ba ne. Idan akwai wanda zai gabatar da kai, abokin aiki ko mai kantin kayan noma, ya fi ƙwanƙwasa ƙofa goma. A yankin Kiristocin Amish kamar gundumar Holmes, kada ka je ranar Lahadi.

Ka faɗi sunanka, garinku, aikinka, da ranakun da kake so. Ka ce kai kaɗai ne, ko ku biyu, kuma kada ranar farauta ta zo a ga mutum biyar sun fito daga mota. Abin da ke buɗe ƙofa da yawa shi ne ka ce mace za ka harba. Barewa ɓarna take yi wa masara da waken suya, manomi na son a rage ta, amma babban namijin ya ajiye wa ɗansa ko jikansa. Wasu kuma tsoron ƙara suke ji idan ka ji rauni a gonarsu. Dokar Ohio ta sauke wa mai gona wannan alhakin matuƙar bai karɓi kuɗi ba, kuma ambata masa haka cikin ladabi kan kwantar da hankali. Idan ya ce a'a, ka yi godiya ka wuce. Za ka sha a'a fiye da to.

Idan ya amince, ka tambaye shi abubuwa dalla-dalla: ina iyakar gonar, ina za ka ajiye mota, ina shanu suke, wa kuma ke farauta a wurin, ko za ka iya ɗaura kujera a bishiya, kuma a ina yake ganin barewa da yamma. Amsar wannan ta ƙarshe ta fi duk wata manhaja, domin mutumin shekara talatin yana kallonsu daga kan tarakta. Ka kuma bincika ko mai noman shi ne mai ƙasar, domin gonaki da yawa haya ake nomawa, kuma sunan da ke taswira wataƙila na wata tsohuwa ce da ke zaune a Florida. Ka karɓi lambobin maƙwabta tun yanzu. Za ka ga amfaninsu a mataki na bakwai.

Wanda bai samu gona ba, akwai shirye-shiryen da jihohi ke biyan manoma su buɗe gonakinsu ga maharba. Na Kansas, wanda ake shiga da ƙafa, ya faro a 1995 kuma ya kai eka kusan miliyan guda. Ohio da Iowa da Illinois kowacce tana da irin nata.

4. Makami da hanya

Ba kowace raifil Ohio ta yarda da ita ba. Cikin abin da aka halatta akwai bindigar tsuntsaye da aka ɗura wa dalma dunƙule guda, ko bindigar ɗuri ta baki, ko, tun 2014, raifil mai harsashi miƙaƙƙen kwanso daga .357 zuwa .50. Kada harsashi ya wuce uku a cikin bindigar. Raifil ɗin .30-06 da abokinka ke alfahari da ita a Pennsylvania laifi ce a nan. Ga sabon shiga .350 Legend ta isa: ba ta dukan kafaɗa sosai, kuma tana aiki har wajen mita 150. Ka gwada saitinta da irin harsashin da za ka yi farauta da shi, ka kuma sake gwadawa bayan doguwar tafiya, domin girgizar mota kan karkatar da madubin saiti.

A mota, dokar tarayya ta 1986 ta ba ka damar ratsa jihohi idan bindigar babu harsashi a ciki, tana kulle a but, kuma halal ce gare ka a inda ka taso da inda za ka. New York da New Jersey suna da tsanani, kada ka yi yawon ziyara da ita a can. A jirgi, akwati mai tauri a kulle, ka sanar da ma'aikacin kamfanin a teburin auna kaya.

5. Karanta gona da iska

Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, sai dai ƙasar noma tana da sauƙin karantawa idan ka san abin da kake nema. Barewa abu biyu take yi: ta kwanta a duhuwa da rana, ta fito kiwo da magariba har asuba. Buɗe hoton tauraron ɗan'adam na gonar. Faffaɗan filin masara da waken suya shi ne wurin ci. Ɗan kurmin da ke tsakiya, da sarƙaƙiyar bakin rafi, da filin dogayen ciyayi da aka bari ba a nomawa, su ne makwanci. Abin da ke haɗa su, layin bishiyoyin kan iyaka, kwalbati, lambatu, shinge mai ƙaya, shi ne hanya. Barewa ba ta son ratsa fili fetal da rana, saboda haka inda kurmi ya tsuke ya zama siriri, ko inda layin bishiyoyi biyu suka haɗu, nan za ka sa ido.

Hoton ba zai gaya maka abin da aka shuka bana ba, ko an girbe ko ba a girbe ba. Masarar da ke tsaye ta fi mutum tsawo, barewa kan shige ciki ta ci ta kwanta, ba ta da dalilin fitowa. Ranar da injin girbi ya kwashe ta, komai ya sauya: su koma kurmi, da yamma su fito kalar abin da ya zube. Gonar da aka bi da garma bayan girbi kuwa ta mutu, babu abin ci. Shi ya sa kake buƙatar isa da kwana ɗaya ko biyu a hannu. Ka tsaya nesa da yamma da tabarau ka ga ta ina suke fitowa. Da tsakar rana ka taka gefe-gefe ka duba sawu, kashi, bishiyoyin da namiji ya goge da ƙaho har ɓawo ya saɓule, da wuraren da ya tone ƙasa a ƙarƙashin reshe. Kada ka kutsa makwancin. A ɗan kurmi mai eka goma, korar su sau ɗaya na iya mai da su gonar maƙwabci har ka tafi.

Iska ita ce malamar wannan sana'a. Idon barewa ba ya rarrabe ruwan lemo da kyau, shi ya sa rigar ba ta tona ka, amma hancinta ba a yaudararsa, kuma duk turaren ɓoye wari da ake sayarwa bai kai zama a daidai wuri ba. Ka zauna inda iska za ta taso daga wajen barewa ta zo gare ka, ta wuce da warinka inda ba ka sa ran komai, kamar fili ko titi. A kaka iska ta fi zuwa daga yamma ko arewa maso yamma, amma tana juyawa, don haka ka tanadi wurin zama biyu ko uku, kowanne da iskarsa. Idan iskar yau ba ta dace da wurin da ka fi so ba, haƙura za ka yi da shi. Inda akwai tudu da kwari, iska kan gangara da yamma idan ƙasa ta huce, ta hau da safe idan rana ta ɗumama. Ɗan garin toka ko hoda a kwalba zai nuna maka inda ta dosa. Turaren jiki, tufafin da suka sha turaren wuta, da ƙamshin soyayyen albasa na kicin, duk ka raba su da kayan farauta. Ka ajiye kayan a leda a but.

Hanyar shiga ma lissafi ce. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ratsa tsakiyar filin masara da asuba da tocila, alhali barewar na cikin filin tana kiwo. Da safe ka zagayo ta bayan kurmi ka tare su a hanyar komawa makwanci. Da yamma ka shigo ta gefen fili tun suna kwance, ka zauna kusa da wurin ci.

Mafi kyawun lokaci shi ne makonni biyun farkon Nuwamba, lokacin barbara, sa'ad da maza ke yawo ko da rana tsaka, amma a Ohio wannan na masu baka ne. Makon bindiga yana farawa Litinin ɗin da ke bin bikin Thanksgiving na ƙarshen Nuwamba, kwana bakwai. Da harbin farko barewa ke gane an shigo, sai ta lafe a mafi munin sarƙaƙiya. A makon nan ka riƙe guzurinka ka zauna har azahar, domin lokacin da sauran maharba ke saukowa cin abinci su ne ke tayar maka da ita.

6. Dako da harbi

Ana harbi daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. A ƙarshen Nuwamba rana na fitowa wajen bakwai da rabi a tsakiyar Ohio, ta faɗi jim kaɗan bayan biyar. Ka yi alwala a masauki, ka yi Asuba a bakin mota idan lokaci ya shiga, sannan ka taka a hankali. Farar hula da farin rawani da farin hankici ka bar su a gida. Barewa idan ta firgita farar wutsiyarta take ɗagawa, kuma akwai masu gaggawar da fari kawai suke jira su gani a cikin duhuwa.

Faɗowa daga bishiya ya fi harsashi raunata maharban barewa. Ka ɗaura ɗamara tun ƙafarka na ƙasa, kada ka kwance sai ka sauko. Bindiga ba a hawa da ita a kafaɗa. A cire harsashi, a jawo ta da igiya bayan an zauna. Ka gaya wa wani inda kake da lokacin da za ka fito. Wanda bai saba da hawa ba ya zauna a ƙasa ya jingina da gindin bishiya, an harbi barewa da yawa a haka.

Ƙasar noma shimfiɗaɗɗiya ce, kuma bayan kowane layin bishiyoyi akwai gida ko garke ko titi. Kafin barewa ta fito, ka riga ka yanke wa kanka ɓangarorin da ba za ka harba ba ko me ya tsaya a wurin. Kada ka harbi wadda ke tsaye a kan tudu sama ce kawai a bayanta, kada ka harbi motsi ko ƙara, kada ka harba daga titi ko ka tsallake shi da harsashi. Ka jira ta ba ka gefe, ka sa saiti bayan kafaɗa kaɗan, kashi ɗaya cikin uku daga ƙasan ƙirji, inda huhu da zuciya suke. Kai da wuya ƙananan wurare ne masu motsi. Kuskuren ɗan yatsa biyu ya bar dabba da karyayyen muƙamuƙi ta mutu da yunwa. Ka yi Bisimilla yayin da kake jan kunama. Abin da malamai da yawa suka tafi a kai shi ne, wadda aka harba da sunan Allah ta mutu kafin a iso ta halatta, wadda aka tarar da sauran rai kuma sai an yanka. Ka zauna da malaminka kan wannan kafin tafiya.

7. Bin jini

Bayan harbi, ka lura da inda take tsaye da inda ta ɓace, ka kuma zauna rabin awa. Jini mai haske da kumfa na huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Ja mai duhu na hanta ne, ka ba ta awa uku zuwa huɗu. Idan ka ga ruwa kore-kore mai wari da ɗan abinci a ciki, tumbi ka samu: ka janye shiru, ka ba ta awa takwas ko fiye. Barewar da aka ƙyale takan kwanta kusa ta mutu. Wadda aka matsa wa takan yi kilomita ta shige inda ba ka da izini.

Idan jinin ya tsallaka shinge, tsaya. A Ohio sai mai waccan gonar ya yarda, ko da kana hango gawar. Iowa ta yarda a bi ta ba tare da makami ba, amma wannan dokar Iowa ce. Ga amfanin lambobin da ka karɓa. Idan sawu ya ɓace, Ohio ta yarda a nemo mai karen bin jini, muddin karen na ɗaure da igiya.

Ka tunkare ta ta baya, bindiga a shirye. Matacciyar barewa idonta a buɗe yake. Idan a rufe ka gan shi, da sauran rai, kuma kofatonta na tsaga fata. Kafin ka ja ta ko taku ɗaya, ka cike takardar izininka da rana da lokaci da gunduma, sannan ka yi rajistarta ta waya ko intanet cikin wa'adin da littafin ya faɗa. A Wisconsin, misali, ƙarfe biyar na yammacin washegari ne. Ka fede ta nan take domin zafin ciki ke ɓata nama, ka kiyaye fasa tumbi da mafitsara, ka sa safar hannu. Kayan cikin kada ka bar su a bakin hanyar tarakta ko kusa da ruwan shanu. Motarka kuma kada ta shiga jiƙaƙƙiyar gona. Ramin tayar da ka bari shi manomi zai yi fama da shi har bazara. Ƙofar shinge ka bar ta yadda ka same ta. Da ka koma masauki ka duba jikinka saboda kaska, wadda ke ɗauke da cutar Lyme.

Kafin ka bar garin ka koma wurin mai gona, ka samu ko ba ka samu ba. Ka gaya masa abin da ka gani, har da wayar shingen da ta tsinke, ka kwashe kujerarka, ka miƙa masa nama idan yana so. A nan ake samun izinin baɗi.

8. Nama da iyakar jiha

Akwai cutar da ke cin ƙwaƙwalwar barewa tana ramar da ita har ta mutu. An fara gane ta a Colorado a 1967, ta bayyana a Wisconsin a 2002, a barewar daji ta Ohio kuma a gundumar Wyandot a 2020. Ba a tabbatar ta kama mutum ba, amma hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kada a ci naman da gwaji ya nuna yana da ita, kuma dafuwa ba ta kashe abin da ke jawo ta. Ya fi taruwa a ƙwaƙwalwa, laka, idanu, saifa da kaluluwa. Na san mu da farfesun kai da tsotsar ɓargo, amma a barewa a haƙura. Idan a yankin cutar ka yi farauta, ka kai kan a gwada, ka jira sakamako kafin a ɗora tukunya.

Saboda wannan cutar jihohi da yawa suka hana shigo da gawa sukutum. New York ta hana daga kowace jiha. Abin da ke wucewa shi ne tsokar da aka zare wa ƙashi, fata, da ƙahon da aka wanke ƙoƙonsa tas. Ka duba dokar jiharka da ta duk wadda za ka ratsa. Nama ya sauka ƙasa da digiri 4 da wuri, a kan ƙanƙara, ba cikin ruwanta ba.

Idan mahauci za ka kai wa, ka buɗe baki ka yi magana. Naman barewa ba shi da mai, don haka al'adarsu ce su haɗa niƙaƙƙen da kitsen alade, kuma wasu kan haɗa naman mutane da yawa a injin niƙa ɗaya. Ka ce yanka kawai kake so, ba niƙa ba, kuma naka kaɗai. Mafi sauƙi ka koyi zare ƙashin da kanka, wuƙa ɗaya da tebur sun isa. Kitsen barewar ka yanke ka zubar, yana daskarewa a dasashi kuma shi ke kawo ƙarnin da ake kuka da shi. Tsokar gadon baya ta tsire ce, kada ta daɗe a wuta. Wuya da kafaɗa na dambu ne da miya. Cinya kuwa kilishi, sai dai a tabbata zafin cikin naman ya kai digiri 71 kafin a busar, domin busarwa kaɗai ba ta kashe ƙwayoyin da naman daji kan ɗauko wajen fiɗa.